Fina-finan da muka gani, da wanda muke so matasan Gure su kalla



Tambayar da aka fi yi mana in mun fito daga gidan radiyo ba ta wuce ɗaya ba: "Wane fim za mu kalla?" Tambaya ce mai nauyi fa, ko da yake da dariya ake yin ta. Mutumin da zai sayi mega da kuɗin guminsa, ya kai salularsa caji don kuran ya ɗauke, sannan ya tara iyalinsa a tabarma ɗaya, in ka ce masa "kalli wannan" ka ɗauki amana. Shi ya sa yau za mu faɗi ra'ayinmu dalla-dalla.

Mu fara da na Kano, tunda su suka cika wayoyinmu. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, har yanzu muna sa shi a sahun gaba wajen tsabtar hoto da iya tsara magana. Aibinsa ɗaya, kuma Izzar So na Lawan Ahmad ya fi shi wannan aibin: jan rai. Abin da za a gama a mako biyu sai a ja shi wata uku, megarka na ƙonewa, labari na tsaye wuri ɗaya. Mai son dariya da iyali ya nemi Gidan Badamasi. Mai son ya gane yadda ƴan siyasa ke juya talaka ya nemi Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Garin Alfawa da ke ciki ƙirƙira ce, amma duk wanda ya ga kamfen a nan zai gane fuskokin.

To amma ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Yaron fada a Gure zai lissafa maka unguwannin Kano da ya gani a fim, ya faɗa maka wa ya auri wa a Kannywood. Ka tambaye shi fim ɗaya da ɗan Nijar ya yi, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Mu da muka yi lakwal an faɗa mana sunan Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972, amma sunan kawai muka haddace don jarrabawa. An koya mana Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya nan gabas da mu, da littafinsa Sarraounia. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci kyautar FESPACO a 1987. Mutum nawa a garin nan suka taɓa ganinsa?

Shi ya sa shawararmu ta wannan karo ta faɗa kan fim ɗin Aïcha Macky, ƴar Damagaram, mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutanen gaske ne, cikin rayuwarsu ta gaske, suna magana da Hausar da muke ji kullum a tasha. An ɗauke shi a Kara-Kara, unguwar da tun da can aka ware wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Ya bi matasan da ake kira ƴan fale, wato "palais". Akwai Siniya Boy da abokansa masu ɗaga ƙarfe, waɗanda suka sa wa ƙungiyarsu sunan Hitler, suna fafutukar kafa kamfanin gadi don su samu abin yi. Akwai Bawa, tsohon shugaban fale da ya koma kabu-kabu, yana ba da labarin ɓarnar da ya yi da bakinsa, abin na cinsa a rai. Akwai Ramsess, mai shigo da man ruwa-ruwa daga iyakar Najeriya, rai a hannun Allah.

Mun ji masu cewa wannan tonon asiri ne, an ɗauki dauɗar gida an kai wa Turawa su kalla. Ba mu raina wannan magana ba. Damagaram garin sarauta ne da malanta, kuma akwai ciwo a ce baƙo ya san garin ta Kara-Kara kaɗai. Amma mu tambayi kanmu: wanne ya fi zafi, a nuna ciwon ko a bar shi ya ruɓe a ƙarƙashin riga? Matar nan ba baƙuwa ba ce. Ba ta zagi yaran ba, ba ta kuma wanke su ba. Ta zauna ta saurare su, abin da yawancinmu ba mu taɓa yi ba.

Kuma kar wani ya ce ai matsalar Damagaram ce. Kwalaben mai da ke jere a bakin titin nan namu, wa ke kawo su? Yaron da ya bar lakwal a aji shida, rairayi ya cinye gonar ubansa, ba shi da jarin kanwa ko na dabino, ina zai nufa? Ko fada, ko Libiya, ko haƙar zinariya a Jado. An ɗauki fim ɗin kafin Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuma kowa ya ga yadda sana'ar ruwa-ruwa ta girgiza tun daga lokacin. Yaran da ke ci da ita ba su ɓace ba, suna nan tare da mu. Uban da ya kalli Bawa yana magana zai koma gida ya dubi ɗansa da wani ido daban.

Gargaɗi ɗaya: ba fim ɗin ƙananan yara ba ne. Akwai zancen sara da suka, da gidan kaso, da mata masu zaman kansu. Samari su kalla, amma ya fi kyau a ce da babba a wurin, a tattauna bayan an gama.

Ga iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, muna ba da shawarar wani aikin na Aïcha Macky, L'arbre sans fruit na 2016, wato itacen da ba ya ƴaƴa. A ciki ta yi maganar rashin haihuwa, ta fara da kanta. Duk gidan da aka taɓa yi wa mace gorin haihuwa, alhali ba a taɓa cewa mijin ya je likita ba, ya kamata a kalle shi, maza ma su zauna. Wanda kuma ke son ganin kyan Damagaram, da suturarta da al'adun aurenta, ya nemi Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta, shi ma na 2016, labarin wata budurwa ƴar gidan sarauta da ta dawo daga karatu a Faransa. Yana tafiya a hankali, ba rawa da waƙa irin ta Kano, sai mai haƙuri.

Mun san za ku ce, to a ina za mu same su? Nan gizo ke saƙar. Masu tura fim a kasuwa ba su da su, domin ba a tambaya. Ku fara tambaya. Ƙungiyoyin matasa da malaman lakwal su haɗa kai su nemi izinin masu fim ɗin, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a, yadda masu sinimar tafi-da-gidanka ke yi a ƙauyuka. Hakan ya fi a sace aikin mutum a raba a waya, domin ita ma da guminta ta yi shi.

Ba mu ce ku bar Labarina ba, mu ma muna jiran fitowa ta gaba. Cewa muka yi, cikin fim goma da za ku kalla bana, ku bar wa na gida gurbi ko ɗaya. Wanda ya riga ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tare mu ya faɗa mana nasa ra'ayin, ko ya saɓa da namu, za mu karanta shi a shiri. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba matasanmu sana'ar halal.