Ai Shafawa Ne, Ba Sha Ba

Sana'ata haɗa man gyaran jiki, kuma duk mai juna biyun da ta tambaye ni ko zai cutar da cikinta, amsata ɗaya ce: "Ai shafawa ne, ba sha ba." A bakin waɗanda suka koya mini sana'a na tsinci maganar, na yi ta raba ta da ƙarfin hali ba tare da na taɓa bincike ba. Har ƙanwata da muke ciki ɗaya na faɗa wa.

Cikinta na wata huɗu goshinta da kumatunta suka fara duhu. Ta ce, "Yaya, dubi yadda na koma, ki taimaka mini." Na ba ta haɗin amare: haidrokwinon, da ɗan tub mai kulobetasol, da wani mai na kwalba wanda ko rubutun abin da ke ciki babu, ina sayensa ne don yana aiki da wuri. Ranar awo, malamar asibiti ta ga hasken fuskar bai dace da wuyan ba, ta ce ta daina nan take, kuma ta zo da mai haɗin.

Na je da shirin kare kaina, na dawo jiki a sanyaye. Fata ba ganuwa ba ce, tana zuƙa. Kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na haidrokwinon da aka shafa yana shiga jini, shi ya sa likitoci ke cewa mai ciki da mai shayarwa su ajiye shi. Kulobetasol kuwa magani ne mai ƙarfi na ciwon fata, mu muka mayar da shi kayan kwalliya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan masu ciki a Dakar ya nuna cewa matan da ke bilicin da irinsa sun fi haifar jarirai marasa nauyi. Malamar ta ƙara mini da retinol da danginsa na maganin ƙuraje da tamoji, su ma a jingine su sai an sauka.

Amma kwalbar nan marar rubutu ita ta hana ni barci. Irin waɗannan ne ake yawan samun zaiba a cikinsu. Zaiba tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A garin Minamata na Japan, iyaye mata da suka ci kifi mai wannan guba sun haifi yara da lalurar ƙwaƙwalwa, wasu iyayen ma ba su ji ciwon komai ba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 da ta taƙaita amfani da zaiba, har da ta cikin man bilicin. Ni kuwa ina auna man kwalbar nan da cokali, da hannuna.

Abin da ya fi yi mini ciwo, duhun da na yi yaƙi da shi ba cuta ba ce. Ciki ne ke kawo shi, rana na ƙara shi, kuma ga mata da yawa yakan dusashe bayan haihuwa. Man kare rana da inuwa da man kaɗanya sun wadatar.

Ƙanwata ta sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma lafiyar yaron rahamar Allah ce, ba shaidar cewa na yi daidai ba. Na zubar da kwalaben, na bi lambobin wayata ina kiran masu ciki da masu goyon da na sayar wa. Wasu sun gode, wasu sun ji haushi. Wata ta ce, "Hajiya, ni har jaririyar nake ɗan goga wa don ta yi haske." Na roƙe ta ta daina, washegari na je na raka ta asibiti.