Akunmu mai cizo

Muna da aku mai ruwan toka da jar wutsiya. Da ya shekara 5, sai ya fara cizo. Ya ciji ƙanwata har da jini. Baba ya ce a kyautar da shi.

Kaka ta ce: «Ba mugunta ba ce. Balaga ya yi, mata yake nema.»

Ta koya mini dabara. Ba na dukansa. Ba na shafa bayansa, sai kansa kawai. In ya tada gashi, sai in ja da baya. Sanda nake miƙa masa, ba yatsa ba. Da magariba nakan rufe kejinsa da zane, ya yi barcin awa 12.

Bayan wata biyu ya huce. Kaka ta ce baɗi ma zai sake, kada in manta dabarar.