Kashin yawo a gonata

Ina ɗan shekara 9 Kaka ya yanka mini ɗan fili a gefen gonarsa. Na shuka gyaɗa. Da ruwa ya zauna, sai wata ciyawa ta tsiro a tsakanin kunyoyi. Ta yi kore shar. Na ce a raina: «Ga abincin akuyata!» Sai na bar ta.

Wata rana na yanko na kai wa akuya. Ta sunsuna, ta kau da kai. Na kai wa Kaka ganyen. Ya duba, ya ce: «Jikana, ka yi baƙon da ba ya sallama. Wannan kashin yawo ne.»

Ya nuna mini alamunsa. Ganyensa biyu-biyu ne, suna fuskantar juna. Kara da ganye duk da gashi. Kowane reshe yana rabuwa gida biyu, furen kuma yana fitowa a marabar rassan, ɗan ƙarami, mai launin rawaya-rawaya. In ya nuna, ƴaƴansa suna jeruwa kamar tauraro. Kowane ɗa yana da dogayen ƙayoyi biyu da ƙananan ƙugiyoyi. Ya bambanta da ƙarangiya, mai ganye kamar na gero. Ya bambanta da tsidau, mai yaɗo a ƙasa.

A makaranta malam ya gaya mana asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Ya ƙetaro teku, ya bazu a ƙasashen Afirka. Ƙugiyoyinsa suna maƙalewa a gashin tumaki, da wutsiyar shanu, da tufafi, da buhuna. Duk inda dabba ta je, ta kai masa iri.

Kaka ya ce in tuge shi duka. Na tuge na tsakiya, na yi ƙyuyar na gefe. Ranar cirar gyaɗa, ƙaya ta sossoke mini hannu har na yi kuka. Harawata ta cika da ƙaya, ba wanda ya taya ta a kasuwa.

Da damina ta zagayo, kashin yawo ya fito fiye da na bara. Wannan karon ban jira ba. Na tuge shi tun yana ƙarami, kafin ya yi fure. Wanda ya riga ya yi ƴaƴa, na tara na ƙone.

Kai ma duba gonarku da bakin garkenku. In ka gan shi, tuge shi yau.