Furen Madagaska da Ba Ya Ƙamshi Sai Dare

Daga Antananaribo muka gangara gabas ta hanyar Toamasina, mota tana ta shan kwana a cikin duwatsu, har muka isa Manambato. Nan muka shiga jirgin ruwa mai inji, muka bi mashigin Pangalan. Watan Yuli ne, lokacin sanyinsu, kuma a lokacin ne furen okid da masana ke kira Angraecum sesquipedale yake buɗewa.

Da hantsi jagoranmu ya nuna mini shi, liƙe a jikin wata bishiya a bakin daji. Ganin farko ka ce kauci ne, sai dai kauci tsotsar bishiya yake yi, shi kuwa wannan wurin zama kawai ya ara. Saiwoyinsa masu ruwan toka suna kwance a kan ɓawo, suna shan ruwan sama da raɓa. Furen fari ne fat, mai kauri da sheƙi, a bayansa kuma wani siririn bututu kore yana reto, tsawonsa ya kai santimita 30. Ruwan zaƙin yana can ƙarshen bututun. Na kai hanci, ban ji wani abin kirki ba.

"Yi haƙuri sai rana ta faɗi," in ji jagoran.

Bayan magariba muka koma. Tun kafin tocila ta haska shi ƙamshin ya tare mu, mai nauyi, da ɗan yaji-yaji. Ashe ba domin mu ake yin sa ba. Farin launin da ƙamshin duk kira ne ga wani ƙaton malam-buɗe-littafi mai yawon dare, wanda ke zura dogon harshensa ya sha, ya tashi da ƙwayar barbara zuwa wani furen.

A 1862 aka aika wa Charles Darwin furen a Ingila. Da ya ga bututun sai ya ce lalle akwai ƙwaro a Madagaska mai harshen da zai kai ƙarshensa. Ya rasu a 1882 bai gan shi ba. Sai a 1903 masana suka bayyana ƙwaron, aka kuma kai 1992 kafin a ɗauki hotonsa yana shan furen.

Mu dai sauro ne ya kore mu tun baƙon bai iso ba.