Takardar Koke Ba Ta da Ƙafa

A hutun daminar da ta wuce ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa ƙauyenmu da babbar hanya. Mace mai naƙuda sai a ɗora ta a amalanke a zaga da ita ta fadama, hatsi kuwa ya rasa hanyar kasuwa. Ran nan bayan la'asar mai unguwa ya aika a kira ni, ya ce, "Ɗana, tun da kai ne ɗan jami'a, sai ka rubuta mana kukanmu zuwa majalisa." Na ɗauki alƙalami ina jin kaina, na cika takarda da kirari da "ranka ya daɗe". Magidanta suka dangwala yatsa, aka tara mini kuɗin mota, na kai ta ofishin ɗan majalisarmu na jiha. Wani yaronsa ya karɓa, ya ce maigida ya yi tafiya. Daga ranar shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Da na komo makaranta abin ya tsaya mini a rai, sai na shiga binciken yadda koke yake tafiya a majalisa. Ashe takarda ba ta shiga zauren sai a hannun ɗan majalisa. Shi zai miƙe ya faɗi masu kuka da abin da suke nema, ya ajiye ta bisa tebur, shugaba ya tura ta ga kwamitin koke-koken jama'a. Kwamiti ya kira masu kuka da wanda ake kuka da shi, ya ji ta bakin kowa, ya kawo rahoto majalisa ta yanke shawara. Tsarin mulki na 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike da kiran shaidu a sashe na 88 da na 89, ya ba majalisun jihohi irinsa a sashe na 128 da na 129. Amma fa shawarar majalisa ba hukuncin kotu ba ce. Ma'aikata tana iya yin kunnen uwar shegu da ita, kwalbati kuma ba ya ginuwa sai an sa kuɗinsa cikin kasafi.

Ko a Abuja koke yakan yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. Cikin watan Maris na 1921... a'a, mai karatu, ba da nisa haka ba: cikin watan Maris na 2021 ne Mark Gbillah, wakili daga Jihar Binuwai, ya kawo wa Majalisar Wakilai koken ƙungiyar 'yan ƙabilar Tibi mazauna Amurka game da 'yan'uwansu da rikici ya raba da gidajensu. Mataimakin Kakaki, Idris Wase, wanda ke bisa kujera ran nan, ya ƙi karɓa, yana shakkar ko mazauna Amurka sun san abin da ke gudana a gida. 'Yan Nijeriya na waje suka yi ca, jaridu suka ɗauka. Kafin watan ya ƙare aka sake gabatar da takardar, Kakaki Femi Gbajabiamila ya karɓa.

To, a nan na ga laifina. Takardar Tibi ta shiga domin tana da mai ɗaukarta, tana kuma da masu bin sawunta. Tamu kuwa na miƙa ta na koma gida na miƙe ƙafa, kamar wanda ya roƙi sadaka yana jiran Allah ya taɓa zuciyar mai bayarwa. Alhali koke hakki ne, kuma da ƙuri'ar waɗannan masu dangwale aka hau kujerar.

Yanzu na sake rubuta ta, ba kirari ko ɗaya, sai ranar da kwalbati ya karye da irin ɓarnar da ta biyo baya. Dattawa uku za su raka ni, mu sa ta a hannun mai kujerar da kansa, mu riƙe kofe, mu tambayi ranar da za a karanta ta. Zuwa da kai, an ce, ya fi saƙo.

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowannenmu akwai mai unguwar da ke jiran alƙalaminsa. In an sa ka rubutu, kada ka tsaya ga rubutun. Allah ya sa mu dace, amin.