Daren da muka kwana cikin mota kusa da Damana

Cikin watan Janairu ne, hutu ya ƙare, ina komawa wurin aikina a ƙasar Kurfai. Mun baro Yamai da la'asar, mun wuce Baleyara, sai motar ta mutu mana kusa da Damana bayan isha'i. Direba ya leƙa inji ya ce sai da safe.

Wanda bai taɓa kwana cikin kwarin Dallol Boso da hunturu ba, bai san ɗari ba. Muka ɗage gilasai, kowa ya duƙunƙune cikin mayafinsa. Yaron mota ya dafa shayi a waje, da ya gama sai ya shigo mana da murhun gawayin. Har albarka muka sa masa. Ni da ke koyar da kimiyya, ni na fara miƙa hannu ina jin ɗumi.

Tsakar dare na farka, kaina kamar zai tsage, zuciyata na tashi. Wata mata a bayana tana jijjiga ɗanta, ya ƙi buɗe ido.

"Malam, duba mini yaron nan!" in ji ta.

Sai a lokacin darasin da nake rubutawa a allo ya faɗo mini. Na buɗe ƙofa, muka jefar da murhun, muka fito da yaron cikin iska. Ya yi amai, ya fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗi kamar wannan ba.

Gawayi in yana ci a wuri rufaffe, yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Jini ya fi kama ta sau fiye da 200 bisa iskar da muke rayuwa da ita, shi ya sa mutum ke zarcewa daga barci. A Amurka da Faransa, masu yawo da motoci masu gado da kicin sukan liƙa na'urar da ke ƙara in gubar ta taru. Mu namu ƙararrawar ciwon kai ne kawai, in an yi sa'ar farkawa.

Da na isa aji na tambayi ɗalibaina su wa ake shigar wa da kaskon gaushi ɗaki a rufe ƙofa. Hannuwa suka tashi har bayan aji. Ran nan na ajiye darasin lissafi, na kuma aika a kira mini iyayensu ran Asabar.