Waimangu, kwarin da aka san ranar haihuwarsa

A ƙasar Nuwel-Zelanda, kimanin kilomita 25 daga birnin Rotoruwa, akwai wani kwari da ake kira Waimangu, watau “baƙin ruwa” da harshen Ma'ori. Cikin dare guda ya samu: ran 10 ga watan Yuni 1886, dutsen Tarawera ya yi aman wuta, ƙasa ta tsage, toka da taɓo suka binne ƙauyuka, mutum fiye da 100 suka halaka. Tsiro duk ya ƙone.

Hanyar ƙafa tana gangarawa wajen kilomita 4, daga bakin kwarin har tabkin Rotomahana. Kafin ido ya ga ruwa, hanci ya ji warin farar wuta kamar na baragurbi. Da farko za ka iske tabkin da suke ce ma Kaskon Suya. Faɗinsa ya kusa hekta 4, zafinsa ya haura digiri 50, tururi na yawo bisansa dare da rana. Wanda ya taɓa yin wanka a Tafadek ta jihar Agadas ya san ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, amma a nan ko yatsa ba a tsomawa.

Gaba kaɗan, in ka hau matakala, sai ga tabkin Inferno, shuɗi kamar an zuba baba. Ruwansa na hawa yana sauka da kansa, zagaye guda cikin kwana 38 ko kusa da haka.

Wurin bai da tabbas. Daga 1900 zuwa 1904 wata maɓuɓɓuga ta riƙa cilla baƙin ruwa sama, wani jiƙon fiye da mita 400. A 1903 ta kashe mutum 4. A 1917 ƙasa ta sake fashewa, ta rushe masaukin baƙi, mutum 2 suka rasu. Shi ya sa ba a sauka daga kan turba.

Abin da ya fi tsaida matafiyi, duk da haka, shi ne kurmin. Itacen manuka, kanuka da wasu masu ganye kamar na dabino sun rufe tuddan, kuma babu wanda ya dasa ko ɗaya. Iska da tsuntsaye suka kawo iri, ruwan sama ya wadata, hukuma ta hana gatari shiga. Cikin shekara ɗari da ƴan kai, toka ta koma daji.